Teku Yana Cin Kurmin Sundarban

Daga Kano zuwa Ikko tafiyar wajen mil 700 ce a jirgin ƙasa, saboda haka da yawa daga cikinmu mutanen Arewa sukan yi rayuwarsu duka ba su taɓa sa teku a ido ba. In aka ce mana teku yana hawa yana cin ƙasa, sai mu ɗauka zance ne na masunta da masu jiragen ruwa, ba ruwan manomin gero da shi. To, amma akwai wani kurmi can ƙasar Bangal, gabas da Indiya, wanda abin da ke samunsa ya isa a tsaya a duba. A nan aka fi ganin irin ɓarnar da hawan teku da ƙarfin guguwa suke yi wa daji da namominsa da mutanen da ke ci daga gare shi. A nan kuma masana suka gane cewa rabin maganin abin yana hannun mutanen da ke zaune can nesa a kan tudu, inda koguna suke bi kafin su kai teku. Wannan magana ta ƙarshe kuwa ta shafe mu, kamar yadda za mu gani in mun kai ƙarshen bayani.

Inda kurmin yake

Manyan koguna uku ne suke haɗuwa a ƙasar Bangal kafin su faɗa teku, watau Ganjis da Barahmaputra da Megna. Biyun farko daga duwatsun Himalaya suke tasowa. Da suka kusanci teku sai suka rarrabu rassa-rassa kamar yatsun hannu, suka bar ɗaruruwan tsibirai na laka a tsakaninsu. A kan waɗannan tsibirai ne kurmin Sundarban yake. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, watau kusan rabin Jihar Kano ke nan. Kashi shida cikin goma yana cikin ƙasar Bangaladash, sauran huɗun kuwa suna cikin jihar Bangal ta Yamma a Indiya. Duk duniya babu kurmi irinsa da ya kai shi girma a dunƙule wuri ɗaya. Don haka ne hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ake kira UNESCO, ta sa shi cikin wuraren da ya wajaba duniya ta kiyaye, sashen Indiya a 1987, sashen Bangaladash a 1997.

Ƙasar wurin shimfiɗe take kamar tabarma, yawancinta ba ta fi mita ɗaya zuwa biyu bisa fuskar teku ba. Shi kuwa teku yana da wata al'ada, sau biyu a kowane yini da dare yakan kawo, sa'an nan ya janye, saboda jan da wata yake yi masa. In ya kawo sai ruwan gishiri ya bi ta rafuffuka ya shiga kurmin, ya rufe gindin itatuwa. In ya janye sai a ga fili na taɓo, ƙaguwa suna ta kai da kawowa a kansa. Daga arewa kuma koguna suna turo ruwan daɗi. Rayuwar kurmin duka ta dogara ga yadda waɗannan ruwaye biyu suke gaurayuwa, kada ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Itacen da ke jure gishiri

Kowane manomi ya san abin da gishiri ko kanwa ke yi wa shuka. Amma akwai wani jinsin itatuwa da ke tsiro a cikin ruwan gishiri a bakin tekun ƙasashe masu zafi. Turawa suna ce da su mangurob, kada dai a rikita su da mangwaro, gama ba su da dangantaka. Halittarsu abin mamaki ce. Da yake taɓon da suke tsaye a kai ba shi da iska a cikinsa, sai saiwoyinsu su ɓullo sama daga ƙasa tsaye-tsaye kamar turaku, ta nan suke shan iska sa'ad da ruwa ya janye. Waɗansunsu saiwarsu takan tace ruwa ta hana gishiri shiga, waɗansu kuwa sukan sha shi sa'an nan su fitar da shi ta ganye. Akwai kuma waɗanda 'ya'yansu suke tsiro tun suna rataye a jikin uwa, in sun faɗo sai su soke cikin taɓo kamar mashi, ko kuwa ruwa ya tafi da su su kafu wani wuri.

Sarkin itatuwan wannan kurmi shi ne wanda mutanen ƙasar ke kira sundari, kuma yawancin masana suna ganin daga gare shi kurmin ya samo sunansa. Dogo ne, katakonsa ja mai ƙarfi, da shi aka saba yin jiragen ruwa da ginshiƙan ɗaki. Sai dai shi ba ya son gishiri mai yawa, ya fi yin kyau inda ruwan kogi ya fi rinjaye. Akwai gewa da goran, waɗanda suka fi shi jure gishiri amma ba su kai shi tsawo da amfani ba. Akwai kuma wani irin kaba mai tsiro a bakin rafi, wanda suke kira golfata, da ganyensa talakawa suke rufin ɗaki.

Amfanin kurmin ya wuce na katako. Tsakanin saiwoyin nan ne kifaye da jatan lande da ƙaguwa suke renon 'ya'yansu kafin su fita babban teku. Kowace shekara daga watan Afrilu masu ɗiban zuma sukan shiga da izinin hukumar daji, su fito da zuma da kaki. Mutane miliyoyi ne abincinsu ke fitowa daga nan. Amma babban aikinsa, wanda ba a sayarwa a kasuwa, shi ne tsaro. Kurmin ya tsaya tsakanin teku da ƙauyuka kamar yadda ganuwa take tsayawa tsakanin birni da mahara.

Abin da ya sa teku yake hawa

Tun sa'ad da aka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur da yawa domin injuna, hayaƙin da ke fita ya yi ta taruwa a sararin sama. A cikinsa akwai wata iska da ake kira iskar kabon, wadda take riƙe zafin rana kamar yadda bargo yake riƙe zafin jiki. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ne cikin miliyan na iskar duniya, yanzu kuwa ta haura kashi 420. Kwamitin masana yanayi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1988 ya ba da rahoto a 2021 cewa zafin duniya ya ƙaru da kimanin digiri 1.1 bisa yadda yake a ƙarshen ƙarni na 19.

Ta hanya biyu wannan zafi yake ƙara teku. Ta farko, ruwa in ya ɗumama yakan kumbura. Malamin makaranta yana iya nuna wa yara wannan da kwalba cike da ruwa, a toshe bakinta a sa siririn bututu, a ajiye ta a rana, za a ga ruwan ya hau cikin bututun. Ta biyu, ƙanƙarar da ta daɗe jibge a kan ƙasar Girinlan da Antatika da kan manyan duwatsu tana narkewa tana gangarowa cikin teku. Rahoton nan ya ce daga 1901 zuwa 2018 teku ya hau da santimita 20, watau inci 8, kimanin taƙi guda.

Mai karatu zai ce, ashe taƙi guda ne ake ta wannan surutu a kai? To, a lura da abu uku. Na farko, saurin hawan yana ƙaruwa. Daga 1901 zuwa 1971 milimita 1.3 ne a shekara, amma daga 2006 zuwa 2018 ya kai milimita 3.7, kusan ninki uku. Na biyu, a ƙasa mai shimfiɗa kamar ta Bangal, taƙi guda na tsaye yana iya zama tafiya mai nisa ta kwance. Na uku, ita kanta ƙasar laka takan lotsa a hankali saboda nauyinta, saboda haka mutumin Sundarban yana ganin teku yana hawa ƙasa kuma tana sauka. Masanan sun ƙiyasta cewa zuwa shekarar 2100 teku zai ƙara santimita 28 zuwa 55 in an rage hayaƙi ƙwarai, in kuwa an bar shi yana ƙaruwa, yana iya kai wa mita guda.

An riga an fara ganin alamun. Tsibirin Lohacara, wanda mutane suka zauna a kai, ya nutse cikin shekarun 1980. Maƙwabcinsa Goramara ya rasa fiye da rabin ƙasarsa, mutanensa da yawa sun yi ƙaura zuwa tsibirin Sagar. Gaskiya ne canjin hanyar kogi da zaizayar gaɓa suna da hannu a cikin wannan, amma hawan teku yana ƙara musu ƙarfi. Akwai ma wani tsibiri da ya ɓullo a bakin iyaka bayan 1970, Indiya tana ce masa Niyu Muwa, Bangaladash tana ce masa Talfatti ta Kudu. Ƙasashen biyu suka yi shekaru suna jayayya a kan mai shi. A 2010 wani masanin teku na Jami'ar Jadabfur ta Kalkata, Sugata Hazra, ya ba da sanarwa cewa tsibirin ya ɓace ƙarƙashin ruwa. Teku ya raba gardama.

Guguwar teku

Guguwar da muka sani a nan ita ce wadda takan taso da rani ta yi ta juyi da ƙura da kara. Ta teku ma juyi take yi, amma faɗinta yakan kai ɗaruruwan kilomita, tana tafe da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ba ta tashi sai zafin fuskar teku ya kai wajen digiri 26 ko 27, gama tururin ruwan ɗumi shi ne abincinta. Ke nan in teku ya ƙara ɗumi an ƙara mata abinci. Masana ba su ce yawan guguwa ne yake ƙaruwa ba. Abin da suka samu shi ne, a cikin waɗanda ke tasowa, masu tsananin ƙarfi sun fi yawa yanzu bisa ga shekara arba'in da suka wuce, ruwan da suke zubarwa kuma ya ƙaru, domin duk digiri ɗaya na ƙarin zafi yana sa iska ta ɗauki ƙarin tururi kamar kashi 7 cikin ɗari.

Ba iskar ce ta fi kisa ba, ruwan da take turowa ne. Tekun Bangal siffar mazurari gare shi, yana tsukewa wajen arewa, ga shi kuma ba zurfi kusa da gaɓa. In guguwa ta koro ruwa cikin wannan matsatsi, ba shi da wurin zuwa sai sama, sai ya tashi kamar bango ya faɗa wa ƙasa. A watan Nuwamba 1970 irin wannan ambaliya ta halaka mutane aƙalla 300,000 a ƙasar, sa'ad da ake kiranta Pakistan ta Gabas. A watan Afrilu 1991 wata ta kashe wajen 138,000 a yankin Citagon. Kowane inci da teku ya ƙara, a kansa ne ambaliyar gaba za ta hau.

Ran 15 ga Nuwamba 2007 guguwar da aka sa wa suna Sidir ta faɗo, iskarta tana gudun fiye da kilomita 200 a awa, ta fara da gabashin kurmin Sundarban. Ta kakkarya itatuwa ta kaɗe ganye, aƙalla rubu'in kurmin ya taɓu. Mutane fiye da 3,000 suka rasu. Amma masu lura sun yarda cewa da ba ta fara cin karo da kurmin ba, da ɓarnar da ta yi a bayansa ta fi haka. An auna a wurare dabam-dabam an ga cewa mita 100 na irin wannan kurmi yana rage tsawon raƙuman ruwa, wani lokaci har da fiye da rabi. Haka kuma bayan babbar guguwar da ta faɗa wa jihar Odisha ta Indiya a 1999, ta kashe wajen mutum 10,000, binciken da aka yi ya nuna ƙauyukan da ke da kurmi mai faɗi a gabansu sun fi ƙarancin mamata.

Kurmin ya saba da guguwa tun fil azal, kuma yakan warke. Bayan Sidir, cikin 'yan shekaru ganye ya komo a yawancin wuraren. Abin tsoro shi ne a riƙa dūkansa tun bai farfaɗo ba. A duba jerin nan: Aila a watan Mayu 2009, Bulbul a Nuwamba 2019, Amfan a Mayu 2020, Yas a Mayu 2021, Remal a Mayu 2024. Itacen sundari kuwa shekaru da yawa yake ɗauka kafin ya girma.

Gishiri, mai kisan mummuƙe

Guguwa ana ganinta ana jin ƙararta. Gishiri kuwa a ɓoye yake aikinsa. Yayin da teku yake hawa, ruwan gishiri yana ƙara kutsawa cikin rafuffuka, kuma abin da zai kore shi baya shi ne ruwan kogi. A nan ne hannun mutanen tudu ya shigo. A 1975 Indiya ta fara aiki da madatsar ruwa ta Farakka a kan kogin Ganjis, ƙasa da kilomita 20 daga iyakar Bangaladash, domin ta karkatar da ruwa zuwa kogin Hugli ya wanke tashar jiragen ruwa ta Kalkata. Tun daga nan ruwan da ke gangarowa da rani ya ragu. Kogin Gorai, reshen Ganjis wanda shi ne babbar hanyar ruwan daɗi zuwa kurmin, har bakinsa yakan toshe da yashi a lokacin rani. Ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan a watan Disamba 1996, mai wa'adin shekara 30.

Inda gishiri ya yi yawa, sundari yakan tsumbure. Akwai wata cuta da ke kama shi, yakan fara bushewa daga kai, ta yi ta gangarowa har ya mutu, ta kuwa kama itatuwa miliyoyi. Masana suna lissafa ƙaruwar gishiri cikin dalilanta. Inda sundari ya ja da baya sai gewa da goran su maye wurin. Wanda ya hango daga jirgin sama zai ga kurmi kore shar, ya ce lafiya lau. Amma dogon kurmi ne yake komawa gajere, gajere kuwa ba ya tare iska da ruwa kamar dogo.

Namomin daji ma abin ya same su. A wannan kurmi ne damisar Bangal take, wadda ta fi tamu girma nesa, jikinta zane-zane maimakon roɗi-roɗi, ta kuma iya iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Ƙidayar da aka yi a sashen Bangaladash ta sami 106 a 2015, da 114 a 2018, da 125 a 2024, a sashen Indiya kuma akwai wajen ɗari. Tsaro ya sa suna ɗan ƙaruwa, amma ƙasar da suke takawa tana raguwa. Wani bincike da aka buga a 2019 ya yi gargaɗi cewa in abin ya ci gaba haka, zuwa 2070 da wuya a sami wurin da ya dace da su a sashen Bangaladash. Hukumar daji ta haƙa tafkuna na ruwan daɗi domin dabbobi da ma'aikata. Da Remal ta zo a 2024, ruwan teku ya kwana ya wuni a kan kurmin, ya cika tafkunan da gishiri, aka kuma tsinci gawar barewa fiye da ɗari.

Laka ce ran kurmin

Yanzu mun zo kan muhimmin abu. Ganuwar birni in ta zaizaye sai an tara mutane an yi mata yaɓe. Wannan kurmi kuwa da kansa yake yi wa kansa. An daɗe ana ƙiyasta cewa Ganjis da Barahmaputra suna kwaso laka kimanin tan miliyan dubu kowace shekara daga Himalaya. In teku ya kawo da ruwa mai laka, saiwoyin nan masu kama da turaku sukan rage masa gudu, lakar ta kwanta. In ya janye ya bar ta nan. Da haka ƙasar kurmin take ƙara tudu kaɗan-kaɗan, tana bin teku yayin da yake hawa.

An sami shaidar wannan ta hanya mai ciwo. Tun daga shekarun 1960 aka yi ta kewaye tsibiran noma na Bangaladash da jingar ƙasa domin a hana ruwan gishiri shiga gonakin shinkafa, har aka yi kewaye 139. Da farko abin ya yi albarka, shinkafa ta yi kyau. Amma jingar da ta hana ruwa shiga ta hana laka shiga. Wani bincike da aka buga a 2015 ya auna ɗaya daga cikin tsibiran nan, wanda ake kira kewaye na 32, aka tarar cikin shekara hamsin ƙasarsa ta koma ƙasa da ta kurmin da ke tsallaken rafi da mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kurmin da aka bari ruwa yana shiga yana fita bai lotsa haka ba. Da Aila ta fasa jingar a 2009, sai tsibirin ya zama kamar ƙwarya, ruwan teku ya yi ta shiga yana fita kusan shekara biyu, mutane suna zaune a bukkoki bisa ragowar jinga.

Talakawan wani wuri da ake kira Bil Baina sun riga masana gane wannan. A 1997, da ruwa ya kwanta musu a gonaki ya ƙi fita, sai suka fasa jingarsu da gangan suka bar kogi ya shiga. Cikin shekara huɗu laka ta ɗaga ƙasar da kimanin mita guda, kogin kuma ya ƙara zurfi. Daga baya hukuma ta karɓi dabarar ta gwada ta a waɗansu wurare.

Amma fa ƙoƙarin kurmin yana da iyaka. Wani bincike na 2020, wanda ya duba yadda irin waɗannan itatuwa suka yi a zamanin da teku ya hau bayan narkewar ƙanƙarar dā, ya nuna da wuya su iya bin teku in hawansa ya wuce milimita 6 zuwa 7 a shekara. A dā in teku ya matsa musu sukan ja da baya su tsiro a kan tudu. Yanzu kuwa a bayansu jinga ce da gonaki da ƙauyuka. In kuma madatsun ruwa na kan tudu sun tare lakar, to, an raba magini da ƙasar gini.

Gargaɗin da aka ƙi ji

Ba yau aka fara gargaɗi ba. Zamanin mulkin Ingilishi an sare sashe mai yawa na kurmin an mai da shi gonaki, kafin a mai da ragowar gandun daji a wajen 1875. A 1853 wani Bature mai binciken guguwa a Kalkata, Henry Piddington, ya rubuta wa Gwamna Janar Dalhousie takarda, ya ce kada a gina sabuwar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Matla, cikin yankin kurmin, domin ambaliyar teku za ta same ta. Ba a saurare shi ba, aka gina tashar aka sa mata suna Kanin. A 1867 guguwa ta zo ta ragargaza ta, ba da daɗewa ba aka watsar da ita.

Inda aka ji gargaɗi kuwa an ga amfaninsa. Tun 1966 hukumar daji ta ƙasar ta fara dasa itatuwan nan a kan sababbin tsibiran laka. Bayan masifar 1970 aka kafa ƙungiyar 'yan sa kai masu yin shela a ƙauyuka, aka gina dubban gidajen mafaka bisa dogayen ginshiƙai, da yawansu makarantu ne a sauran kwanaki. Da Amfan ta zo a 2020 an kwashe mutane fiye da miliyan biyu a Bangaladash kaɗai, waɗanda suka rasu a ƙasashen biyu ba su kai 150 ba. A kwatanta wannan da 300,000 na 1970. Sai dai mutum ne ake iya kai wa mafaka. Kurmi da gona suna nan inda suke.

Bakin kogin Kwara

To, ina ruwanmu? Kurmi irin wannan mafi girma a duk Afirka yana ƙasarmu, a inda kogin Kwara, watau Neja, ya rarrabu ya shiga teku. Guguwa irin ta Bangal ba ta zuwa gaɓarmu, amma hawan teku bai bar kowa ba. Garin Ayetoro na Jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, teku ya riga ya cinye babban sashensa. Kurmin namu yana fama da malalar man fetur da saran itace. Har wa yau kabar nan golfata, wadda take rufin asirin talakan Bangal, an kawo irinta Kalaba daga Singafo a 1906, ta bazu tana kore itatuwan asali na wurin.

Ruwa da lakar da ke ciyar da wannan kurmi kuwa ta ƙofarmu suke wucewa. Ban da kogunan Kano da Haɗejiya masu tafiya wajen tafkin Cadi, yawancin namu can suke nufa. Gulbin Sakkwato da na Kaduna suna zuba cikin Kwara, Gongola tana zuba cikin Binuwai, su biyun su haɗu a Lakwaja su gangara. A kan hanyar akwai madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna, da ta Lagdo a Kamaru wadda aka gama a 1982. Ba wanda zai musa amfaninsu, ga lantarki ga noman rani ga kifi. Amma kowace madatsa tana riƙe laka a bayanta, tana kuma canja lokacin da ruwa yake sauka. Matsayin da mutanen Farakka suke da shi ga Sundarban, shi muke da shi ga mutanen bakin Kwara.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in sun zo koyar da labarin ƙasa, kada su tsaya ga haddace sunayen koguna da tsawonsu. A sa yara su bi kogi da yatsa a kan taswira tun daga mafarinsa har bakin teku, a tambaye su me yake ɗauke da shi, wa kuma yake jiransa a can. A cika kwalba da ruwan gulbi na damina a ajiye ta kwana ɗaya, su ga lakar da za ta kwanta a gindi, a gaya musu da irinta aka gina ƙasar da miliyoyin 'yan'uwansu suke zaune a kai. Ma'aikatan hukuma kuma, waɗanda takardun madatsun ruwa da na gandun daji suke bi ta hannunsu, ya kamata duk sa'ad da ake lissafin ribar wani sabon aiki a kan kogi, su tambaya ko an sa mutanen ƙarshen kogin cikin lissafin. Piddington ya rubuta takardarsa shekara 14 kafin ruwa ya zo, tana kuwa ajiye a ofis sa'ad da ya zo.